Kumfar da Inna ta Gani a Kwata

Mai abu ya karɓi abinsa. Inna, uwar mijina, ta cika da hantsi a ɗakinta na unguwar Kirkissoye, kanta bisa cinyata, bayan ɗan ciwon ƙirji da bai ja lokaci ba. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta, ya hutasshe ta. Na fara da addu'a don kada a ce ban yi ba, domin abin da zai biyo baya ba duka ne zai yi wa dangi daɗi ba.

Kafin azahar gida ya cika maƙil. Gwaggo, ƙanwar marigayi surukina, ta iso daga Gaweye tana kuka tun daga bakin ƙofa. Ta zauna, ta share hawaye, aka ba ta ruwa ta sha, sai ta nisa ta ce, "Allah dai ya yafe mata. Mace ce mai kyauta, ba ta da rowa ko kaɗan. Kunya ce kawai Allah bai ba ta ba."

Wata daga bayanta ta rufe baki da mayafi ta ce, "Mai kwalba ke nan." Na ji 'yar dariya ƙasa-ƙasa ta zagaya tabarmar. Ina ɗauke da kwanon ruwa a lokacin, wallahi saura kaɗan in juye shi a kan wata.

A zaure ma haka. Da na leƙa in miƙa buta, na ji Baffa, ƙanen surukina, yana gaya wa maza, "Allah ya gafarta mata, amma da ba don ita ba da yaron nan yanzu darakta ne." Yaron da yake nufi shi ne mijina, mai furfura a gemu, yana zaune kusa da shi kansa a sunkuye.

Mutum ɗaya ce ta yi mini ta'aziyyar da ta shiga raina, maƙwabciyarmu Bazabarma. Ta shigo tana dogara sanda, ta kama hannuna ta yi mini gaisuwar da Zabarmanci ta ce, "Fonda tilas, 'yata," ta zauna a ƙasa ba tabarma, ta yi kukan da ya fi na dangi.

To ni malamar lekol ce. Na saba da a yi mini surutu a bayan aji, amma ban saba da ƙyalewa ba. Tunda an ce Inna ba ta da kunya, a gabana, gawarta ko sanyi ba ta gama yi ba, zan faɗi yadda abin yake. Wanda zai ji haushi ya ji.

Ban taɓa ganin mace mai kunya kamar Inna ba, kuma ina nan a kan bakana. 'Yar Damagaram ce ta asali, irin waɗanda ko tari suke yi sai sun juya baya. Mijina shi ne ɗan farinta. Tun yana jariri kakarsa ta ɗauke shi, kuma tun daga ranar suna bakin Inna bai taɓa furta sunansa ba. "Mutumin Plateau" take ce masa, don a wannan unguwar yake aiki. Yaron unguwa da ya ci sunansa kuwa ya zama "mai sunan wancan" har ya girma ya yi aure. In suna tsakar gida ɗaya, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, sai ta kalli bango ta ce mini, "Ki ce wa mutumin Plateau wuyan rigarsa ya yage." Shi kuma ya kalle ni ya ce, "Ki ce mata na ji." Ina amarya abin dariya yake ba ni. Daga baya na saba, na zama hanyar da uwa da ɗa suke bi su isa ga juna.

Tana da wata tambaya da duk gidan muka haddace. Ka ce mata zazzaɓin yaro ya sauka, ko nonon nan na yau ne, ko an kulle ƙofar awaki, sai ta ɗago kai ta ce, "An duba, ko dai an ce?" Jikokinta har kwaikwayonta suke yi a bayan idonta. Ba da wannan tambaya aka haife ta ba. Mutuwar mijinta ce ta koya mata.

Baba, surukina, ɗan kasuwar yadi ne, ya daɗe da ciwon sukari. Yana shan ƙwayoyinsa, amma tsallaka gadar kogi ya je ya bi layin asibiti, wannan kam ba ya so. Yana da nasa gwajin, wanda kowa a unguwa ya sani kuma ya yarda da shi: ka yi fitsari a kan busasshiyar ƙasa bayan gida, ka dawo an jima. In kiyashi ya taru, sukari ya hau, sai ka rage shayi. In bai taru ba, lafiya lau. Da haka Baba ya yi shekaru.

Sai aka shiga farin farko, wanda a cikinsa sojoji suka karɓi mulki. Gero ya yi wuya, aka koma jar dawar agaji, Baba ya daina cin abinci sosai. Ana nan sai kiyashi ya daina zuwa. Ya gwada yau, ya gwada gobe, ko ɗaya. Ƙwayar ma in ya sha sai jiri da zufa su kama shi, sai ya ajiye ta. Kai, ku zo ku ga murna! Baffa ya ce rubutun da ya karɓo ne ya ci. A cikin wannan yunwa aka dama fura aka yi sadaka, wai Baba ya rabu da sukari. Fuskarsa ta ciko, mutane suna cewa, "Alhaji ka murmure, har ƙiba ka yi."

Inna ce mai share bayan gida kowace safiya. Ita ta ga cewa inda kiyashi ya bari, kumfa ta zauna. Fara, mai kauri, ba ta fashewa, sai ka ce an wanke kaya da sabulu. Ta gaya mini wannan da bakinta bayan shekaru, muna tsintar shinkafa. Ta ce, "Na gani da idona, 'yar nan. Na sa tsintsiya na share, na ja bakina na yi shiru. Yo ta ina zan fara yi wa mijina maganar fitsarinsa?"

Ba a jima ba takalmi ya ƙi shiga ƙafar Baba. Sai amai, sai shaƙuwa, sai ƙaiƙayin jiki da ya hana shi zama. Da aka ɗauke shi zuwa asibiti ni na raka Inna. Lokotoron, wato likitan, ya zuba fitsarin Baba a wata siririyar kwalba, ya ɗora a kan 'yar wuta, ya ɗiga wani ruwa mai tsami. Muna kallo abin ya yi fari ya dunƙule, kamar farin ƙwai a ruwan zafi. Bai yi mana faɗa ba, mutumin kirki ne. Ya ce da Inna, "Iya, kin san matacin koko? Haka ƙoda take. Sukari yana cin ta a hankali, ba zafi ba ciwo. In ta huhhuje, abin da ya kamata ya zauna a jini ya riƙe jiki sai ya riƙa zubowa cikin fitsari. Albimin muke ce masa, shi ne wannan farin, shi ke kawo kumfa. Kiyashi sukari kaɗai ya sani. In ƙoda ta gaji sosai ko sukarin ma yakan daina fitowa, sai a zaci sauƙi ne."

Inna ta ce, "Tun yaushe ake iya ganinsa?"

Ya ce, "Tun kafin ido ya ga kumfa ma, in an kawo an gwada. A lokacin akwai abin yi. Yanzu kam sai haƙuri."

Baba bai ga damina ba. Mun yi sadakar warkewarsa, muka yi ta mutuwarsa, duk a cikin buhun gero ɗaya.

Da Inna ta fita takaba sai ta fara tara kwalaben magani. Ta wanke, ta dafa su a tukunya ta musamman, ta jera a kwando ta rataye a ƙusa. Duk matar da ta ji an ce tana da sukari a unguwa, sai ga Inna da sallama. Ta gaishe ta, ta tambayi yara, ta tambayi awaki, sannan ta ajiye kwalba a gefen tabarma ta ce, "Na farkon safiya. Zan biyo in karɓa." Da yawa ba sa iya fita, wasu kunya ce ta hana su riƙe irin wannan abu a titi. Inna ta ce ita ta riga ta biya kuɗin kunya da mijinta, ba ta da sauran bashi. Sai ta ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi dabam don kada su rikice, ta jera a tsohon kwano mai murfi, ta ɗora a ka, ta tsallaka gada a ƙafa. A nan aka sa mata "mai kwalba".

Sau da yawa gwajin yakan fito ba komai. Lokotoro ya gaya mata kumfa kaɗai ba hujja ba ce, wani lokaci ƙarancin shan ruwa ne kawai, shi ya sa ake gwadawa a kuma sake gwadawa. In ya fito fes, Inna takan dawo da fara'a har da goro ta raba. In ya yi fari, ba ta aike. Da kanta take zuwa ta zauna ta faɗa, washegari ta riƙe hannun matar su tafi tare. Haka ta yi wa maƙwabciyarmu Bazabarma, ita Hausarta guntu-guntu, Zabarmancin Inna kuwa sai a kasuwa, amma suka fahimci juna. Matar nan tana nan da ranta, ita ce ta zauna a ƙasa ranar rasuwar.

Gwaggo ta taso takanas daga Gaweye a kan wannan. Ta ce, "Haba Yaya! Matar Alhaji guda, ki riƙa yawo da najasar mutane a ka? Da wane hannu kike salla?"

Inna tana sakace haƙori, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Da wanda kike wanke zanen fitsarin jikokinki da shi. Ruwa nake sa masa, ke me kike sawa?"

Gwaggo ta yi wata da watanni ba ta tako gidanmu ba. Inna ta ce an huta da kuɗin shayi.

Duk wannan bai sake taɓa gidanmu ba sai a fari na biyu, wanda kogi ya janye har yara suna wasa a inda jirage ke bi. A lokacin mijina yana aiki a wani biro, wato ofis, da ke kula da hatsin agaji. Shi ma sukarin ya kama shi, gadon uba, an gano tun 'yan shekaru kafin nan. Ni da shi kaɗai muka sani, ko na ce haka muka zata. Yana shan magani a ɓoye, kwalin ma a cikin takalmin salla yake cusa shi.

Kada wani ya ce jahilci ne. Ya san abin da ya kashe ubansa sarai. Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Mutane suna ce wa sukari ciwon masu ƙoshi. Ga talakawa sun baro ƙauyuka sun zube a bakin gari ba abin sawa a baki, ga sojoji suna farautar duk wanda ake zargi da taɓa hatsin agaji. A irin wannan shekara ma'aikacin hatsi ya fito ya ce sukari ya yi masa yawa a jini? Ya ce mini, "So kike a ce buhunan gwamnati na cinye?" Ban da haka, manya sukan faɗo biro da sassafe ba sanarwa, kujerar da aka tarar ba kowa kuwa mai ita ya shiga uku. Layin asibiti da safe ake yinsa. Sai ya zaɓi kujera.

Ruwan pampo ya ɗauke a unguwarmu. 'Yan ga-ruwa sai ka yi musu magiya. Wanka ya zama na rabin bokiti, kwatar makewayi kuwa ba wanda ke da ruwan da zai kora ta. Wata safiya na fito zan hura wuta na tarar da Inna tsugune a bakin kwata, tsintsiya a hannu, ba ta shara. Ta yafito ni.

Ta ce, "Wa ya yi wanka da sabulu?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Ruwan bai zo ba."

"Wa ya fito daga nan yanzu?"

Na duba. Kumfa ce fara tsaye a kwata, iska na kaɗa ta ba ta fashewa. Na san wanda ya fito, ita ma ta sani. Ta ce a hankali, "Ƙwayar da ke cikin takalmi ba ta isa ba ke nan." Ashe duk ɓoyon da muke yi tana sane.

Ta bi duk hanyar da kunya ta yarda a bi, ina shaida. Ta fara da ni: "Ki ce wa mutumin Plateau akwai kwalba a kwando." Na faɗa masa, ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba tun aurenmu. Ta ajiye kwalbar kusa da butarsa, ya ɗauke ya ɗora a kan katanga. Ta mayar, ya sake ɗaukewa. Ta zauna tana yi wa butar magana da ƙarfi yana jin ta, wai buta ke kin fi wasu hankali, ke ko tsiyaya kika fara ana kai ki wurin mai gyara. Ya sa hularsa ya fita. Ta sa mayafi ta je har wurin Baffa ta roƙe shi ya yi wa ɗansa magana. Baffa ya ce, "Subhanallahi! Babban ma'aikaci kamar wannan zan tare da zancen bayan gida? Ki bar wa Allah." Shi ne dai Baffan da ya karɓo rubutu.

Sai aka ce za a tura mijina turne, wato rangadi, arewa, rabon hatsi, tafiyar da ba a san ranar dawowa ba. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa ina ganin fuskar Baba a fuskarsa duk safiya.

Ranar tafiyar motar biro ta tsaya a ƙofar gida, soja ne ke tuƙi, injin na ruri. Maza suna zaune a dakali sun taso daga masallaci, Baffa na cikinsu, ya zo sallama. Mijina ya fito da jakarsa, na biyo shi da ƙunshin guzuri. Ya kai hannu zai buɗe mota ke nan, sai muka ji an kira sunansa.

Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, da muryar da ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ya tsaya cak, hannunsa a kan ƙofar mota, ya waiwayo kamar wanda aka kira daga kabari. Inna ce tsaye a bakin zaure, ba mayafi, kwalba a hannu. Ba bango take kallo ba, ba ni take kallo ba. Cikin idonsa take kallo.

Ta ce, "Ubanka na ga kumfarsa na yi shiru, na binne shi. Kai ba zan yi shiru ba. Koma ciki ka yi fitsari a nan."

Baffa ya ce, "Innalillahi, Yaya, a gaban mutane?" Ko kallonsa ba ta yi ba. Sojan ya leƙo ta taga ya ce ana jiransu, an makara. Inna ta ce da sojan, "Ɗana, kashe motarka. In gwamnati na son shi, ta jira shi ya yi fitsari." A zamanin da mutum ke rage murya in ya ga kaki ko daga nesa! Na ce shi ke nan, yau za a kwashe mu duka. Sojan ya dube ta, ya dubi mijina, ya sa hannu ya kashe mota.

Mijina ya tako a hankali ya karɓi kwalbar da hannu biyu. Ya shiga, ya fito, ya miƙa mata, idonsa jajir. Ya hau mota suka tafi ba sallama. Ita kuwa ta koma ɗaki ta rufe ƙofa, na ji tana kukan da ko ranar mutuwar Baba ba ta yi ba. Da ta gama ta wanke fuska, ta ɗauki mayafi ta ce mini, "Taso mu je."

A asibiti aka gwada, ya yi fari. Ba kamar na Baba ba, hazo-hazo ne, amma ya yi. Lokotoro ya ce a kawo mai shi da kansa da zarar ya dawo, a sake gwadawa, a auna jininsa. Ya ce abin da ya huje ba ya ɗinkuwa, amma ana iya hana shi ƙaruwa da sauri, in mutum zai ji magana.

Da mijina ya dawo ya yi fushi da ita, fushi mai tsanani. Sai dai fushin bai sami wurin zama ba, tunda dama ba magana suke yi ba. Ya daina cewa "ki ce mata na ji", shi ke nan iyakar abin da ya iya. Amma ya je asibiti. Aka sake gwaji, aka tarar tansiyo ɗinsa, wato jininsa, ya hau shi ma, aka ɗora shi a kan magani, aka ce gishiri da kilishi sai dai ya gani a hannun wasu. Inna ta ɗauke gishirin gidan kaf ta kulle a ɗakinta, ita ke ɗibar mana da ɗan yatsa. Yara suka yi bore, ni ma na yi gunaguni, miya ta zama sai ka ce ruwan wanke kwano. Ta ce ba za a yi tukunya biyu a gidan nan ba, mutum ɗaya yana cin lami yana jin ƙamshin na wasu. Ita da ke son yaji da gishiri kamar me, lami ta ci har ta koma ga Allah.

Abin da mijina ya ji tsoro kuwa ya faru, ba zan ɓoye ba. Labari ya riga shi isa biro. Ba a kama shi ba, don an bincika ba a sami ko ƙwayar dawa a kansa ba. Amma aka ce mai ciwo ba ya iya turne, aka cire shi daga hatsi, aka ba shi wani tebur a lungu. Waɗanda ya koya wa aiki suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Ya ji zafin wannan ƙwarai, ni ma na ji. Wannan ne daraktan da Baffa yake makoki. To Baffa, na ji. Amma ranar rasuwar nan wa ya shiga kabari ya karɓi gawar uwarsa? Wa ya aurar da 'ya'yansa mata da bakinsa? Muƙami ne zai zauna kusa da kai a tabarma kana yi masa gori?

Tun daga lokacin, duk bayan 'yan watanni yake kai kwalbarsa. Da kansa, a aljihun babbar riga. Inna ba ta sake kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. Ta koma kallon bangonta. In ya dawo daga asibiti sai ta ce mini, "An duba, ko dai an ce?" Wata rana, bayan an daɗe, ya tsaya a tsakar gida ya ce mini, "Ki ce mata an duba." Ta ce da bango, "Madalla." Sulhun da suka yi ke nan, kuma ya ishe su.

A ciwonta na ƙarshe, numfashi na yi mata wuya, ta jawo ni ta ce ranar gwajin mutumin Plateau ta kusa, kada a bari hidimarta ta sa a fasa. Na ce, "Inna, ki bar wannan, ki ji da kanki." Ta harare ni da sauran ƙarfinta. Ita ce hararar ƙarshe da na samu, kuma da zan sami wata da na biya ko nawa ne.

Ranar ta faɗo daidai da sadakar uku. Da safe zaure ya cika, malamai sun zauna, an kawo goro da waina, ana jiran liman ya buɗe addu'a ta biyu. Ina daga bakin ƙofar ciki ina miƙa kwanuka, sai na ga mijina ya miƙe yana gyara riga. Baffa ya kama gefen rigar ya ce, "Ina kuma za ka? Mutane sun zo dominka."

Na zaci zai ce uzuri ne ya taso, yadda aka saba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar, naɗe da ƙyalle, ya riƙe ta inda kowa zai gani. Ya ce, "Fitsarina zan kai asibiti, Baffa. Tun da aka haife ni sau ɗaya uwata ta kira sunana, kuma a kan wannan ta kira. Ku ci gaba da addu'a, zan dawo in same ku."

Wani ya yi tari. Baffa ya saki rigar. Liman, Allah ya saka masa, ya ce, "A sauka lafiya, Alhaji." Ya sa takalmi ya nufi gada. Na juya na kalli tabarmar mata, na nemi idon Gwaggo da na mai cewa "mai kwalba", duk suka sami abin kallo a ƙasa.

Ya dawo bayan azahar, mutane sun ragu. Ya shigo tsakar gida da ƙura a ƙafa, ya tsaya inda ya saba tsayawa, daidai ƙofar ɗakinta. Labulen na nan, tabarmarta a naɗe, kwandon kwalabe a ƙusa. Na matso kusa da shi. Ya daɗe yana kallon labulen. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ki ce mata an duba. Bai ƙaru ba."

Na ɗaga labule na shiga, na fuskanci bangon da take kallo, na faɗa mata.